Yadda Na Haɗa Aiki da Digiri na Biyu a Fannin Kuɗi a Legas

Ni akanta ne a wani kamfanin rarraba kayan masarufi da ke Ikeja. Muna ɗauko shinkafa, man girki, sukari, madara da taliya daga masana'antu da masu shigo da kaya, mu raba wa 'yan kasuwar Agege, Oshodi, Mile 12 da Alaba Rago. Na yi digirina na farko a wata jami'a ta Arewa, kuma na daɗe a kan kujerar nan har na san kwastoman da ke biya ranar da ya ce, da wanda sai an tare shi a ƙofar masallaci. A ƙarshen 2022 kamfanin ya nemi jari daga banki domin faɗaɗa sito. Ni na haɗa duk alƙaluman, amma da ranar zama da mutanen bankin ta zo, Alhaji mai kamfanin ya ɗauko wani ƙwararre daga Victoria Island, ya biya shi kuɗi masu kauri, shi ya yi magana da yawunmu. Ban ga laifin Alhaji ba. Ina gefe ina sauraro mutumin ya ɗauki alƙaluman da na kwana ina haɗawa ya gina hasashen shekara uku a kansu, ya nuna ta inda kuɗi zai shigo da ta inda zai fita, da halin da za mu shiga idan dala ta tashi. Ni abin da ya riga ya faru na iya rubutawa. Shi yana maganar abin da bai zo ba tukuna, kuma da hujja. Kafin mu fito daga ginin nan na ƙudurta komawa aji.

Hanyoyin suna da yawa a Legas, kuma duk wanda ka tambaya tasa zai yaba maka. Akantoci suka ce in bi ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantoci da doka ta kafa a 1965. Ma'aikatan banki suka ce CIBN, ƙungiyar ƙwararrun ma'aikatan banki. Wani abokina da ke sayar da hannun jari ya ce ba abin da ya kai CFA, jarrabawa mai mataki uku da ake girmamawa a duniya, sai dai da dala ake biyan kuɗinta, kuma ko a lokacin aljihuna bai kai can ba. Akwai Lagos Business School a Ajah, inda manyan manajoji ke zuwa, akwai Jami'ar Legas da ke Akoka, wadda aka kafa a 1962, akwai jami'ar jiha a Ojo. Tambayar da ta fi cin lokacina ita ce tsakanin MBA da MSc. Na farkon yana ɗan taɓa komai: shugabanci, talla, kula da ma'aikata, kuɗi. Na biyun yana nutsawa cikin kuɗi kaɗai, da lissafi mai yawa da bincike a ƙarshe. Wanda burinsa ya shugabanci kamfani, MBA ya fi masa. Ni so nake in gane yadda ake auna haɗari da yadda ake sa wa jari farashi, don haka na sayi fom ɗin MSc na masu aiki, wanda ake yi da yammacin Juma'a da yinin Asabar, a ɗaya daga cikin jami'o'in gwamnati.

Takardun da ake nema sanannu ne: digiri mai daraja ta biyu aƙalla, sakamakon sakandare mai kiredit biyar har da Turanci da lissafi, takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa, da wasiƙun mutanen da za su tsaya maka, a so ɗaya ya zama malaminka na jami'a. Mai HND ko digiri mai daraja ta uku yawanci sai ya fara bi ta PGD, difloma ta share fagen digiri na biyu. Wadda ke kayar da mutane ita ce tiranskirif, cikakken sakamakonka na kowane kwas, domin ba a karɓa daga hannunka, sai tsohuwar makarantarka ta aika da kanta. Nawa ya kwanta a wani ofis har sai da na roƙi wani ƙanena da ke can ya riƙa zuwa yana gaishe su. Duk mai niyyar wannan karatu ya fara neman tiranskirif tun kafin a fara sayar da fom. An yi mana jarrabawar shiga a kwamfuta, tambayoyin tattalin arziki da lissafi da Turanci, sannan sunaye suka fito.

Rajista ta faɗo daidai lokacin ƙarancin takardun naira na farkon 2023, bayan sauya fasalin 200 da 500 da 1,000. Kuɗin makaranta ta intanet ake biya, amma manhajojin banki sun cushe, ka tura kuɗi su fita daga asusunka su maƙale a hanya. Na motar haya kuwa sai ka saya wurin masu POS da tsada. Rabin kuɗin daga adashin ofis na kwasa, sauran Alhaji ya ba ni rance ba ruwa, ana cira daga albashi.

Da na je masa da maganar tashi da wuri ranar Juma'a, ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Akanta, in ka gama karatun nan ba banki za su ɗauke mini kai ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a rubuta a takarda. Zan yi maka shekara biyu bayan na gama."

Aka rubuta, muka sa hannu. A gida kuwa uwargida sharaɗi ɗaya ta kafa: "Maigida, Asabar taka ce, amma Lahadi ta yara ce, ban da littafi." Karatun mai iyali na gida duka ne, kuma wanda bai zauna da iyalinsa ya yi wannan magana tun farko ba zai yi ta daga baya cikin ɓacin rai. Bukukuwa da sunaye da zaman majalisar unguwa duk sun wuce ni a wannan tsakani, wasu 'yan uwa har suka ɗauka girman kai ne ya shige ni.

Ranar Asabar da an sallame Asuba nake barin Agege, in kama bas ɗin BRT ta hanyar Abule Egba zuwa Oshodi, daga nan in sauya mota. Juma'a ta fi wuya, domin daga masallaci sai ofis, daga ofis sai cunkoson yamma, ka shiga aji da gumi malami ya riga ya cika allo. Jirgin ƙasa na Red Line, wanda ya ratsa Agege daga Agbado zuwa Oyingbo, bai fara ɗaukar fasinja ba sai Oktoban 2024, lokacin na kusa gamawa. Masu shiga yanzu sun samu sauƙin da ba mu samu ba.

Ajinmu cike yake da ma'aikatan banki, inshora, kamfanonin fansho, masu karɓar haraji da 'yan kasuwar hannun jari. Masu jin Hausa ba mu cika yatsun hannu ɗaya ba, abin da ya daɗe yana damuna in na tuna yawan kuɗin da ke ratsa hannun mutanenmu kullum a garin nan, daga mayankar Oko-Oba zuwa layin 'yan canji na Broad Street. Zangon farko kwas ɗin ƙididdiga ne ya fi gasa mu. Wanda ya bar lissafin jami'a shekara goma ya dawo ya tarar da alamomin da ya manta sunansu, ga manhajar kwamfuta da ake so ya sarrafa. Muka kafa rukuni a WhatsApp, muna zama bayan lakca. Wata Bayarabiya mai aikin inshora ita ta zaunar da ni ta koya mini yadda ake gwada alaƙar abu biyu da alƙaluma, da yadda ake gane ko alaƙar ta gaske ce ko dacewa ce kawai. Ni kuma da aka zo darasin kasuwar musayar kuɗi, ni na yi musu bayanin yadda farashin dala ke fitowa da safe a bakin titi, yadda waya ɗaya daga Wapa a Kano ko Zone 4 a Abuja ke motsa farashin Legas kafin azahar. Suna aiki da lambar a kwamfuta kullum, amma ba su taɓa ganin inda ake haifar ta ba. Jarrabawa ta taɓa faɗo mana cikin azumi, na sha ruwa a mota da dabino da ruwan leda. Wannan ba komai ba ne, dubban mutane na yin haka a Legas kowace shekara.

Abin da ya sa karatun ya shiga jikina shi ne ƙasar da kanta ta zama allon darasi. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin mai. Tsakiyar Yuni Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji ya saki naira. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 700 cikin 'yan makonni, zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Malaminmu na harkar kuɗin kamfanoni ya ajiye misalan Amurka da ke cikin littafi, ya ce kowa ya sauko da rahoton shekara na kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta NGX. Muka ga MTN Nigeria, duk da ɗimbin cinikinsa, ya rufe 2023 da asarar kimanin naira biliyan 137, Nestlé Nigeria ma ya faɗi, saboda basussuka da alƙawuran da ke kansu na dala ne alhali cinikinsu na naira ne. A ɗaya gefen bankunan da ke riƙe da dala suka samu ƙazamar riba a takarda, har Babban Banki ya hana su raba ta ga masu hannun jari. Abu ɗaya ya faru, wani ya durƙushe wani ya miƙe, kuma bambancin yana cikin wane kuɗi ake bin ka da wane kuɗi kake bi.

Ranar Litinin na buɗe littafin kamfaninmu da wannan ido. Masu ba mu kaya suna sauya farashi duk sanda dala ta motsa, kuma sun daina jira, sai kuɗi hannu. Mu kuwa muna ba kwastomomi bashin wata biyu a kan tsohon farashi, kamar yadda aka saba tun zamanin mahaifin Alhaji. Lissafin ba shi da wuya in an san inda za a duba. Idan kaya na tashi da kashi 30 cikin 100 a shekara, kuɗin da ka bari a hannun wani na wata biyu ya zubar da kusan kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na ƙarfinsa, kuma ribar mai rarraba kayan masarufi ba ta cika wuce nan ba. Littafi yana nuna riba, amma kuɗin da ya dawo ba ya iya cika siton da ya fita daga ciki. Na rubuta wa Alhaji shafi biyu, na karanta masa da Hausa. Na ba da shawarar a rage kwanakin bashi, a yi rangwame ga mai biya nan take, a daina tara kayan da ba sa tafiya.

Ya ce, "Mutanen nan tare muka taso. Yaya zan dubi idon mutum in ce ya biya cikin sati biyu?"

Maganarsa gaskiya ce, kuma babu ta a littafin da muka karanta. Amana ita ce jarin kasuwarmu, wanda ya karya ta don lissafi ya yi asarar da ba ta shiga takarda. Muka tsaya a tsakiya: tsofaffin abokan hulɗa aka je har shagunansu aka yi musu bayani, aka rage musu kwanaki a hankali, sababbi kuwa aka kafa musu sabon sharaɗi tun daga farko. Shekarar 2024 ta zo da kuɗin ruwan Babban Banki yana hawa daga kashi 18.75 har ya kai 27.5 a Nuwamba, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamba. Mun ga waɗanda suka rufe sito a layinmu. Mu mun tsallake, da ikon Allah.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, domin duk Musulmin da ya tambaye ni karatun nan ita yake fara kawowa. Kusan kowane darasi a kan kuɗin ruwa aka gina shi. Da shi ake auna darajar kamfani, da shi ake sa wa takardar lamuni farashi, da shi ake kwatanta jarin yau da na baɗi. Abin ya tsaya mini a rai har na je wurin malamin da nake ɗaukar karatu a hannunsa a Agege. Ya ce mini sanin yadda abu ke aiki daban, cin sa daban, kuma al'ummar da ba ta da masu gane wannan tsari ba za ta iya gina wanda ya dace da addininta ba. Ya ƙara da cewa in kula da inda zan kai ilimin. Kowa ya tambayi malaminsa, ni dai wannan amsa ta zaunar da ni. Abin da na ga ya gaza a manhajar karatunmu shi ne ɗan wurin da aka ba harkar kuɗi marar ruwa, lakca ɗaya ko biyu a ƙarshen zango, alhali abin ya daɗe da barin gefe. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus Bank a 2021. Jihar Osun ta fitar da sukuk, wato takardar tara jari marar ruwa, a 2013, Gwamnatin Tarayya ta fitar da nata na farko a 2017, na naira biliyan 100, aka zuba a hanyoyi 25 a shiyyoyi shida na ƙasar. Da aka ba mu damar zaɓen maudu'in gabatarwa a aji, na ɗauki murabaha da ijara, na nuna yadda banki ke sayen kaya ya sayar maka da ribar da aka sani tun farko, ko ya sayi kadara ya ba ka haya. Tambayoyin da suka fi zafi daga ma'aikatan banki Kiristoci suka fito, kuma tambayoyi ne na masu son ganewa: in kwastoma ya makara da biya fa, in kayan suka lalace kafin a miƙa fa, wa ke ɗaukar asarar? Sai da na koma na ƙara karatu kafin na iya amsa wasunsu.

Ranar 1 ga Maris 2024 Babban Banki ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173. A watan Mayu ya fito da sabuwar ƙa'ida: mai son lasisin mataki na ɗaya ya kawo jarin naira biliyan 2, na mataki na biyu miliyan 500. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya fi shekara talatin yana canji a tsibirin Legas. Ya kira ni da daddare ya ce, "Ɗana, gobe ka zo ka karanta mana takardar nan, mu ji me ake nufi da mu." Na same su su da yawa a wani ɗaki a saman bene, dattawan da kowannensu zai iya gaya maka farashin fam da yuro da sefa yana tsaye ba tare da ya taɓa kalkuleta ba. Na bi ƙa'idar sakin layi bayan sakin layi. Kusan babu mai iya kawo jarin shi kaɗai, sai dai a haɗu, kuma haɗuwa tana buƙatar abubuwan da ba a saba da su ba: yarjejeniyar masu hannun jari a rubuce, littafin da odita ya duba, bayanin asalin kuɗin kowa, rajistar kowane kwastoma, da abin da za a yi da kason mutum in ya rasu. A nan aka fi daɗewa, kan maganar gado. Mutanen nan sun fi malamaina sanin kasuwa, amma saninsu yana cikin kai da ɗan littafin aljihu, hukuma kuma takarda take karantawa. Da babu ɗan gida da ya iya harshen takardar, da sai su ɗauko baƙo su buɗe masa cikinsu, ko su bar sana'ar ga masu manyan kamfanoni. Na fito daga ɗakin nan ina jin cewa ko wannan zama kaɗai ya biya kuɗin makarantar.

Shi ya sa da lokacin kundin bincike ya zo na ƙi maudu'an da aka saba, irin su tasirin kuɗin ruwa a kan ribar bankuna, waɗanda ɗakin karatu ya cika da su. Na zaɓi yadda bashi ke tafiya tsakanin 'yan gwari a Mile 12. Tumatir da tattasai da albasa suna tasowa daga Kadawa, Zariya, Jos, Sakkwato da Aliero, su kwana a hanya, dillali ya karɓa ya raba wa masu sari, kuɗi ya koma Arewa bayan an sayar, akasari ba takarda ko ɗaya a tsakani. Malamar da ke duba aikina ta so maudu'in, amma ta tsaya kai da fata sai na ɗora shi a kan abin da masana suka rubuta game da bashin da ba na banki ba, kuma ta mayar mini da babi na biyu har sai da ya tsaya da ƙafarsa. Takardar tambayoyi ta Turanci ba ta yi aiki a kasuwa ba, ba mai lokacin cike ta yana sauke kwando. Sai na bi ta hannun shugabannin kasuwa, na riƙa zuwa bayan an gama saukalen safe, in zauna a benci, a kawo shayi, mu yi hira da Hausa, in koma gida in rubuta. Na tarar da tsari cikakke: ana sanin wanda za a ba kaya ta hanyar wanda ya tsaya masa, ana hukunta mai cin amana da hana shi kaya a duk layin, ana raba asara in mota ta lalace a hanya kaya suka ruɓe. Abin da tsarin bai iya ba shi ne samar da babban jari na dogon lokaci, irin wanda zai sayi motar sanyi ko ya gina wurin adana kaya.

Ranar kare kundi, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya tambaye ni dalilin da ya sa bankuna ba sa shiga wannan kasuwa in har amanar ta kai yadda na faɗa. Na ce banki yana neman tarihin ciniki a rubuce da kadarar jingina, ɗan gwari kuma ba shi da ko ɗaya, kuma da yawansu ko an ba su ba za su karɓi kuɗi mai ruwa ba. Na ce tun bayan ƙarancin naira ciniki da yawa ya koma tiransifa da POS, wato tarihin ya fara rubuta kansa, saura wanda zai karanta shi ya gina musu tsarin da za su yarda da shi. Ya ce in ƙara wannan a babin ƙarshe. Bayan gyare-gyare aka bi da kundin ta manhajar gano satar rubutu, aka ɗaure shi, sannan na shiga zagayen sa hannu na ɗakin karatu da ofishin kuɗi da sashe, wanda shi ma sai mai aiki ya nemi hutun yini ya yi shi.

Yanzu ina cika alƙawarin da na yi wa Alhaji, kuma na yi rajistar ICAN, domin digirin bai ba ni ikon sa hannu a kan rahoton odit ba. Wasu samari biyu daga Mile 12, masu HND da ke riƙe wa iyayensu littafi, sun sayi fom ɗin PGD bana. Muna haɗuwa ranar Asabar bayan La'asar a wani shago kusa da Pen Cinema, ina bi da su lissafin da za a tambaye su a jarrabawar shiga. Ɗayansu tiranskirif ɗinsa bai iso ba har yanzu, mun sa wani ɗan uwansa ya riƙa bibiya.